Daga Ƙwan Tururuwa Zuwa Buhun Kilo 15

A shagunan da ake sayar da abincin kaji da na kifi a Kano ko Kaduna, akwai wani irin mai saye da ba a rasawa. Shi ba buhu ya zo ɗauka ba. Akwatin gilashi ne da shi a falo, da jajayen kifaye biyar ko shida waɗanda yara suka raɗa wa suna. Ɗan gwangwanin abincin da aka haɗo masa da su ya ƙare, ya tambayi kuɗin sabo ya ji ya yi tsada. Sai ya ɗaga kai ya dubi buhunan abincin tarwaɗa da aka jibge har kusa da rufi, ya ce, "Malam, ba ka ɗan auna mini wannan ba? Ai kifi kifi ne." Mai shago kuwa ya amsa, "Alhaji, ci dai za su ci."

Gaskiya ya faɗa, za su ci. Abin da bai faɗa ba shi ne yadda za su kasance bayan shekara guda, kuma wannan amsar tana cikin ƙananan rubutun da ke jikin buhun da jikin gwangwanin: furotin kashi kaza, mai kashi kaza, bitamin kaza, ranar da aka yi, ranar da zai lalace. Kusan kowane layi a cikinsu sai da kifaye suka mutu da yawa a wani wuri kafin a san ya kamata a rubuta shi.

Mutanen Sin, waɗanda suka daɗe ƙwarai a kiwon kifi, kandami suke ciyarwa, shi kuma ya ciyar da kifin. A kudancin ƙasar, a yankin da kogin Lu'ulu'u ke shiga teku, manoma kan shuka itacen da tsutsar siliki ke cin ganyensa a bakin kandami. Kashin tsutsar a zuba a ruwa, ruwan ya yi kore da ƙananan halittu, kifi ya ci ya yi ƙiba, a ƙarshen shekara a kwashe taɓon ƙasan kandamin a mayar gindin itatuwan. A cikin kandami ne kuma aka riƙa ware kifayen da suka fito da launin ja ko ruwan ɗorawa ana haɗa su da juna, har aka samu kifin zinare a zamanin daular Song, kusan shekara dubu da ta wuce. A zamanin daular Ming aka shigo da shi cikin gida a manyan kwanonin tangaran. Daga ranar da aka raba shi da kandami, cinsa ya koma wuyan mai gida, kuma tsutsar sauro da ƙananan ƙwarin ruwa da ake kamfatowa da rariya su ne cimarsa.

Yayin akwatin gilashi kuwa ɗan Ingila ne. A 1845 gwamnatin Birtaniya ta soke harajin gilashi, ya yi araha. A 1850 wani masanin haɗa magunguna a Landan, Robert Warington, ya ba da labarin gwajin da ya yi: ƙananan kifayen zinare biyu da wata ciyawar ruwa a cikin babban tulun gilashi. Da tsofaffin ganyayen suka fara ruɓewa ruwan ya gurɓace, sai ya saka 'yan dodon koɗi suka cinye ruɓaɓɓen, ruwan ya koma garau. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifaye, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya sa ajiye kifi a falo ya zama yayi. Darasin Warington shi ne na farko a wannan sana'a, kuma har gobe shi ne babba: ruwan da ba shi da mafita, duk abin da aka jefa cikinsa yana nan, ko a cikin kifi ko a cikin ruwan.

Abincin da 'yan kasuwa suka sayar wa masu wannan yayi abin tausayi ne. Wanda ya fi shahara shi ne "ƙwan tururuwa", wanda a haƙiƙa 'ya'yan tururuwa ne a cikin kwansonsu, ana tono su daga gidajen tururuwa a dazuzzukan arewacin Turai a busar. Kafin ya iso hannun mai saye yawancinsa ɓawo ne. Akwai kuma wata farar waina sirara kamar takarda da ake yi da gari. Kifaye masu yawa sun mutu da yunwa alhali kullum ana ba su abinci. Waɗanda suka ɗauki abin da gaske sai su fita da guga da koma zuwa kududdufai su kamo ƙwarin ruwa, ko su tono wasu jajayen tsutsotsi sirara da ke zama a taɓon koguna inda ƙazantar gari ke malala, su kwana suna ɗauraye su, duk da haka wani lokaci su shigo wa kifinsu da cuta. In hunturu ya zo kududdufai suka daskare, sai a koma kankare hanta da zuciyar saniya a kan katako.

Sauƙi na farko ya zo daga tafkunan gishiri. A 1933 Alvin Seale na gidan kifaye na Steinhart a San Francisco ya bayyana cewa ƙwan wani ɗan mitsitsin jatan lande mai suna atemiya yana iya zama a bushe kamar yashi na tsawon lokaci, in aka zuba shi a ruwan gishiri ya ƙyanƙyashe cikin kwana guda, jariran kifi kuma suna rububinsa. Har yanzu ana kwasar ƙwan nan daga Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah a Amurka, kuma duk mai ƙyanƙyasar tarwaɗa a Najeriya ya san gwangwaninsa da tsadarsa.

Amma ilimin abin da cikin kifi ke bukata ya fito ne daga wani wuri dabam, wato gidajen ƙyanƙyasar tirawut da salmon, kifayen ruwan sanyi da gwamnatocin Amurka ke rainon 'ya'yansu miliyoyi suna sakewa a koguna. Tun daga lokacin da Seth Green ya kafa nasa a Caledonia ta jihar New York a 1864, abincin waɗannan 'ya'yan kifi daga mayanka yake zuwa: hanta, saifa, huhu, naman doki. Ma'aikaci ya wuni yana niƙa nama yana watsawa da cokali, ruwa ya yi ja, wuri ya yi ƙarni. An sha gwada busasshen gari don a huta, amma kifin sai ya yi 'yan watanni ya fara mutuwa, sai an dawo masa da ɗanyar hanta ya farfaɗo. A ƙarshen shekarun 1920 Clive McCay na jami'ar Cornell ya raɗa wa wannan ɓoyayyen abu da ke cikin hanta suna da harafin H kawai, domin ba a san ko mene ne ba. Shekaru aka yi ana bin sawunsa a ɗakin bincike na Cortland, kafin a gane cewa bitamin ne. A 1957 John Halver ya haɗa wani abincin gwaji da aka san duk abin da ke cikinsa, yana cire bitamin ɗaya bayan ɗaya yana duba irin ciwon da zai kama 'ya'yan salmon. Jerin bitamin da ake gani a jikin buhu yau daga irin wannan aiki ya samo asali.

A hanya an yi asara iri-iri. Da nama ya yi tsada aka koma ba su ɗanyen kifi, sai aka tarar wasu kifayen suna ɗauke da wani sinadari da ke kashe bitamin B1, 'ya'yan kifi su riƙa juyi suna mutuwa. A gaɓar yamma aka riƙa niƙa gawar iyayen salmon ana ba 'ya'yan, ashe ana raba musu tarin fuka irin na kifi ne. Wannan ya sa masana a jihar Oregon suka ƙirƙiro, a ƙarshen shekarun 1950, wata ƙwaya mai laushi da ake dafa kifin cikinta tukuna a kashe cutar. Ta yi aiki, sai dai dole a ajiye ta cikin ƙanƙara.

Asarar da ta fi kowace girgiza mutane ta faru a 1960, lokacin da busasshiyar ƙwaya ta riga ta karɓu. Masu duba kaya a iyakar jihar California suka tare wani lodin tirawut daga Idaho, suka tarar hantarsu cike da ƙari. Da aka bincika sai ga ciwon dajin hanta a gidajen ƙyanƙyasa da dama a faɗin ƙasar. A wannan shekarar kuma, a Ingila, talo-talo kusan 100,000 suka mutu da wata cuta da ba a san kanta ba. Bin diddigin abincin talo-talon ya kai ga tunkuzar gyada da aka shigo da ita daga Brazil, na kifin kuma ya kai ga tunkuzar angurya. Mai laifin ɗaya ne: fumfunar da ke kama gyada, masara da angurya idan aka adana su da danshi, wadda ke fitar da dafin da aka sa wa suna afulatoksin. A lokacin dalar gyada na tsaye a Kano, kuma daga nan ne masu sayen gyada a Turai suka fara sa ido a kan wannan dafi. Duk mai kiwon da ke haɗa abincin kifinsa da ƙuli-ƙuli da masarar da ta sha damina a rumbu, wannan labari nasa ne kai tsaye.

Sai bitamin C. Yawancin kifaye, kamar ɗan Adam, jikinsu ba ya ƙera shi. Muddin suna kandamin ƙasa suna tsintar ƙwari da gansakuka ba a lura ba. Da aka cunkusa tarwaɗar Amurka a keji, ba ta da abin ci sai ƙwaya, sai aka ga gadon bayanta na karkacewa har ya karye. Tom Lovell na jami'ar Auburn a Alabama ya tabbatar da dalilin a farkon shekarun 1970. Matsalar ita ce bitamin C ba ya jure zafi da iska, sai a shekarun 1980 aka samu nau'insa mai ƙarko. Ciwon tsagewar kai da masu kiwon tarwaɗa a Najeriya ke kuka da shi, ana danganta shi da wannan rashi.

Masu akwatin gilashi sun samu nasu juyin a Jamus. Wani masanin halittu, Ulrich Baensch, ya kafa kamfanin Tetra a 1951, a tsakiyar shekarun 1950 kuma ya fito da TetraMin: kunun garin kifi da hatsi da yis da bitamin, a shafa shi siriri a busar, a farfasa ya zama falle-falle kamar ɓawon albasa. Hikimar tana cikin sirantakar. Yana yawo a saman ruwa na ɗan lokaci don masu ci a sama, ya jiƙe ya sauka a hankali don na tsakiya, abin da ya rage ya isa ƙasa, kuma ƙaramin baki ma yana iya yagarsa. Daga nan ajiye kifi ya daina zama aikin mai guga da koma, ya zama abin da yaro ɗan makaranta zai iya. Garin Melle, inda masana'antar take, har yanzu yana aika wannan gwangwani duniya.

Ƙwaya mai yawo a saman ruwa, wadda masu kandami ke so, daga abincin karnuka ta fito. A shekarun 1950 kamfanin Purina ya fara amfani da injin da ke dafa ƙullu da tururi cikin matsi mai tsanani, ya turo shi ta ƙananan ramuka. Da ya fito iska sai sitacin ya kumbura nan take kamar gugguru. Manoman tarwaɗa a Mississippi, Arkansas da Alabama suka ga amfanin abin: a ruwa mai duhu ba ka ganin kifinka, amma in abincin na sama dole su taso, ka ga yawansu, ka ga lafiyarsu, ka san lokacin da suka ƙoshi ka tsaya.

Duk waɗannan, falle da ƙwaya, ginshiƙinsu garin kifi ne, shi kuwa garin kifi daga teku ake ɗebo shi. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi ke ba da kilo ɗaya na gari. A 1970 ƙasar Peru ta kama tan miliyan 12 na wani ɗan ƙaramin kifi mai suna anchobeta, kusan duka aka niƙa. A 1972 ruwan tekun ya ɗumama, ga kamun da ya wuce kima, kifin ya ɓace. Farashin abincin dabbobi ya tashi a duniya, har a 1973 shugaba Nixon ya taƙaita fitar da waken suya daga Amurka na ɗan lokaci. Tun daga nan masu haɗa abinci ke ta neman rage garin kifi su cike da waken suya. Yau wani ɓangare na nauyin ya dawo gaɓar Afirka ta Yamma. Masana'antu a Nouadhibou ta Muritaniya, da Senegal da Gambiya, suna niƙa ƙananan kifayen da mata ke bandawa su sayar wa talakawa, kuma wani rahoto da Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta abin da ake kwashewa ya haura tan rabin miliyan a shekara. Wannan abu ne mai ciwo, a ɗauke kifi daga tukunyar mai ƙaramin ƙarfi a ciyar da kifin da mai hali zai ci a wata nahiya.

A Najeriya, ƙasar Sarkin Ruwa da masunta, ta Argungu da bandar Baga, kiwon kifi baƙo ne. Gwamnatin mulkin mallaka ta gina gonar kifi ta Panyam a Filato a farkon shekarun 1950, aka yi ta fama da kifin Turai da karfasa, ana ba su dusa da tunkuza. Abin bai bunƙasa ba sai da aka juyo kan tarwaɗa, wadda ke shaƙar iska, ta jure cunkoso da gurɓataccen ruwa. Bincike a Bangui da jami'ar Wageningen ta Holan a shekarun 1970 da 1980 ya nuna yadda ake yi mata allura ta saki ƙwai a kowane lokaci na shekara. Bayan shekara ta 2000 kandamin siminti da na tamfol suka cika bayan gidaje, Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen noman wannan kifi, abin da take nomawa a ruwa ya kai wajen tan 300,000 a shekara. Buhun Coppens mai kilo 15 daga Turai ya zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi, kafin kamfanoni su fara yi a gida, ciki har da Olam da ya buɗe masana'antu a jihohin Kaduna da Kwara a 2017. Abinci na cinye kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwo, shi ya sa duk faɗuwar naira sai ta tura wasu komawa hanjin kaji da haɗin gida.

To, wannan buhu shi ne Alhajin falo ke son a auna masa. An tsara shi ne don manufa guda: a kai ɗan tarwaɗa kilo ɗaya cikin wata biyar ko shida, a kandamin da ake zubar da ruwansa a sake sabo a kai a kai. Shi ya sa furotin ɗinsa ya haura kashi 40, ga mai da yawa. Babu wanda ya damu da yadda hantar kifin za ta kasance bayan shekara uku, domin kafin nan an daɗe da yin farfesunsa. Kifin zinare kuwa, irin na Alhajin, yana iya shekara goma ko ashirin, har akwai wani mai suna Tish a Ingila da ya mutu a 1999 yana da shekara 43. Ba shi da tumbi na sosai, hanji ne dogo da aka yi don tsince-tsince kaɗan-kaɗan. In aka ɗora shi a kan abincin tarwaɗa zai yi saurin girma, mai gida ya ji daɗi, kitse kuma na taruwa a hantarsa. Furotin ɗin da ya yi yawa yana fita a matsayin amoniya cikin ruwan da ba ya zuwa ko'ina, man kuma ya yi yana a sama.

Hana shi gaba ɗaya ma kuskure ne. Manyan kifaye masu cin nama, irin gartsa ko ita kanta tarwaɗar in an ajiye ta don ado, suna yin kyau da shi idan ana ƙirga musu ƙwayar. Ga kifin zinare da ɗan uwansa koi, abincin karfasa, wanda furotin ɗinsa ke wajen kashi 30, ya fi dacewa, a jiƙa shi kaɗan, a riƙa haɗawa da dafaffen ganye. Girman ƙwaya ma abin dubawa ne, tun daga mai kama da gari har mai milimita 9. Haɗarin da ya fi kusa shi ne na awo: buhun da aka farke tun watanni, yana shan zafin Afrilu da danshin Agusta, bitamin ɗinsa ya tsere, mansa ya yi ɗoyi, wataƙila fumfuna ta kama. Mai kandami yana gama buhu cikin kwanaki, mai kifi shida zai shekara bai gama mudu ba.

Akwai kuma waɗanda buhu da gwangwani duk ba su ishe su ba, da yawansu daga ruwayen Afirka ake kai su Turai da Amurka. Talibambam haƙoransa ba sa daina girma, sai yana fasa dodon koɗi suke dashewa, in babu har su hana shi buɗe baki. Kifin nan na kogin Neja mai doguwar haɓa kamar hannun giwa da dare yake kiwo, yana laluben tsutsa a taɓo da 'yar wutar lantarkin jikinsa. Ƙurungu na son mai nutsewa. Kifayen duwatsun tafkin Malawi, masu launi kamar atamfa, gansakuka suke kankara, abinci mai maiƙo kan kumbura musu ciki ya kashe su. Bakin kifi kansa yana faɗa: wanda ya kalli sama a sama yake ci, wanda ya kalli ƙasa a ƙasa.

A watan Yulin 2017 Tarayyar Turai ta halatta saka garin ƙwari a abincin kifin gona. Wanda ya fi samun karɓuwa shi ne tsutsar wani baƙin ƙuda mai kama da zanzaro, wanda ba ya cizo kuma ba ya bin abincin mutane. Kamfanonin abincin kifin ado sun fara buga hotonta a jikin gwangwani. A Najeriya da Kenya kuwa matasa na kiwonta a robobi a bayan gida, suna zuba mata dusa da ɓawon kayan lambu da ragowar abincin kasuwa. Cikin mako biyu take cika ta yi ɓul-ɓul, a tace ta da rariya, a watsa wa tarwaɗa da ranta, ko a shanya a niƙa a zuba cikin haɗi a madadin wani kaso na garin kifi.